Shekara ɗaya da rabi da kibod ɗin Yamaha PSR-E473 a majami'armu, ga abin da na gani

Tun ranar da wani ɗan kwaya ya sa hoton kibod ɗinmu a status mutane ke ta damuna da tambaya, Malam wannan kibod ɗin naku yana da kyau? mu saya? nawa ne? har na gaji da amsa ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta gaba ɗaya, duk wanda ya sake tambaya in tura masa kawai. Ni ba ɗan kasuwa ba ne, ba wanda ya ba ni ko sisi, kuma ni ba gwanin kiɗa ba ne irin na situdiyo. Shugaban mawaƙa ne a wata ƙaramar ekklisiya a gefen Jos, sujadarmu da Hausa ake yi, ranar da aka cika maƙil mu kai ɗari biyu har da yara. Toh duk abin da zan faɗa a kan irin wannan wurin nake magana, in naku babban coci ne mai band da injiniyan sauti, wata maganar ba za ta shafe ku ba.

Tsohon kibod ɗinmu kyauta ce wani bawan Allah ya ba ekklisiya tun ina yaro a makarantar Lahadi. Ya yi aiki har ya gaji, maɓallai uku sun mutu a tsakiya daidai inda hannun dama ke yawan zama, sai ka ga mai buga shi yana tsallake su kamar mai tsallake kwata, ga wani zuuu da yake yi in an haɗa shi da lasifika. Da na kai maganar gaban dattawa ba a yi saurin yarda ba, kuma ban ga laifinsu ba don a lokacin rufin gidan Fasto yoyo yake. Baba ma'aji ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Ɗana, wannan abin da kake so mu zuba wa kuɗi haka, in mun saya mutane za su fi yin waƙa ne, ko za su fi yin kallo?" Na yi dariya na ce haba Baba ai waƙa za su yi. An dai yi baiko na musamman Lahadi uku, matasa suka je ƙwadago gonar wani, iyayenmu na Zumuntar Mata suka kawo nasu a ɗaure a bakin zane, kuɗi ya haɗu.

Guda uku na sa a gaba, duk na Yamaha, don shi ne in ya samu matsala ba za ka sha wahalar neman mai gyara a gari ba, kuma yaranmu a kansa suka koya. Akwai PSR-E373, shi ne ƙaramin kuma ya fi araha, amma ta ramin hedfon kawai sautinsa ke fita in za ka kai shi miksa, kuma ba inda za ka sa makirfo. Akwai PSR-SX600 wanda gaskiya raina ya biya, sai dai kuɗinsa ya fi ƙarfin aljihunmu nesa ba kusa ba. Sai na tsakiyar, E473, wanda ya fito a 2022. Yana da wa, EW425, kusan abu ɗaya ne sai dai shi maɓallai 76 gare shi namu 61, kuma sifikarsa ta fi ƙarfi. A wani shago wajen Taminus muka saya. Farashi kam ba zan rubuta ba, tun da aka saki naira a 2023 kuɗin kayan nan bin dala yake yi, in na faɗa maka abin da muka biya sai ka je shagon mutane ka yi ta faɗa a banza. Abin da zan ce kawai, kar ka yarda a miƙo maka kwali a rufe ka kama hanya. A buɗe a gabanka, a jona, ka danna maɓallan nan ɗaya bayan ɗaya farare da baƙaƙe har 61, ka duba adafta. Tasa ta asali PA-150 ce. Mu mai shagon ya so ya haɗa mu da wata mara suna wai duk ɗaya ne, na ce a'a, in duk ɗaya ne ba ni waccan ɗin.

Sauti dai ba magana. Muryoyi 820 ne a ciki da salon kiɗa 290, ranar da muka kawo shi yaran nan har dare suna danne-danne, har ƙarar jirgin sama da harbin bindiga suka tono a ciki, na ce kar in ƙara jin wannan a majami'a, a garin nan ba abin wasa ba ne. Amma in gaya maka gaskiya cikin 820 ɗin nan biyar muke amfani da su: piyano, ogan, sitirin (sautin gogen Turawa) mai laushi da muke shimfiɗawa a ƙarƙashin piyano, piyanon lantarki, sai bes in an raba kibod ɗin biyu hannun hagu ya riƙe ƙasa. Piyanon yana da daɗi, ba ya yin ƙarar gwangwani irin na tsohon namu, kuma yana jin nauyin hannu, in ka taɓa a hankali ya yi magana a hankali in ka buga da ƙarfi ya tashi, wannan a wurina ya fi sauran muryoyi 815 ɗin amfani. Yana iya riƙe sauti 64 a lokaci ɗaya (ƙaramin, E373, 48 ne), ma'ana in ka haɗa piyano da sitirin ka taka fedal (abin takawa da ƙafa mai riƙe sauti) ba zai riƙa yanke wasu a tsakiya ba. Maɓallan dai marasa nauyi ne, wanda ya koya a kan piyano na gaske zai ji su kamar soso, amma a wannan kuɗin ba ka da bakin ƙorafi. Wani abu da nake so shi ne wurin ajiye saiti, madannai 4 a layi 8, wato 32. Na sa an jera mana, na ɗaya waƙoƙin littafi, na biyu korus, na uku mai laushi na lokacin Jibin Ubangiji, na huɗu na kwaya. Babu sauran tsayawa ana lalube jama'a na jira.

Yanzu bari in zo kan abin da ya sa na zauna rubutun nan, don tambayar Baba ma'aji ba ta yi sati ba ta dawo ta same ni.

Lahadin farko, majami'a ta cika don kowa ya ji an sayo sabon abu, wasu har da waɗanda sai Kirsimeti da Ista muke ganinsu. Mai jagorar sujada ya kira lambar waƙa a Littafin Waƙoƙi, ɗaya daga tsofaffin nan da ko jikokinmu sun haddace. Yaron da ke buga mana, yaro mai kunne sosai Allah ya ba shi, ya zaɓi wani salo mai ganga da bes da jita duk injin ke yi, ya danna, abin ya tashi kamar a rediyo, har na ga matasa suna kallon juna suna murmushi. Layin farko lafiya. Da aka zo ƙarshen layi na biyu, inda mutanenmu suka saba jan kalmar ƙarshe su ɗan numfasa kafin su shiga na gaba, injin bai san da wannan ba, ya wuce abinsa. Jama'a suka biyo shi da gudu, suka kamo, aka sake zuwa wurin numfashi ya sake barinsu. Kafin aya ta uku bencin dattawa ya yi tsit, iyaye mata sun rufe littafi sun rungume hannu, kwaya kaɗai ke ta fama da matasa 'yan kaɗan, sauran kallo suke. Ban ko iya juyawa wajen Baba ma'aji ba. Bayan an tashi wata tsohuwa, wadda tun kafin a haife ni take waƙa a majami'ar nan, ta kama hannuna a bakin ƙofa ta ce, "Ɗana, sannu da ƙoƙari, amma yau waƙar ta gudu ta bar mu." Ba ta ƙara komai ba ta tafi. Na kwana da maganar nan.

Ba laifin kibod ba ne, abin da aka ce ya yi shi ya yi. Mu ne ba mu yi tunani ba. Yawancin waƙoƙin littafin nan muryarsu daga Ingila da Amurka ta zo, aka juya kalmomin zuwa Hausa, kuma Hausa tana da nata tsawon wasali da nata hawa da sauka, inda Bature ya sa gaɓa ɗaya mu wani lokaci sai mun cusa biyu ko uku. Littafin da ke hannun yawancinmu kalmomi ne kawai, da kunne aka gaji muryar daga iyaye, shekara da shekaru ana rerawa ba kibod ba komai, har kowace ekklisiya ta san inda take ja da inda take numfashi. Wannan ba kuskure ba ne da za ka zo da inji ka gyara, haka waƙar ta zauna a bakin mutane. Manzo Bulus a 1 Korantiyawa 14:15 ya yi maganar yin waƙa da ruhu da kuma hankali, toh mutumin da ke tseren kamo ganga ina ya ga hankalin tunanin kalmar da yake furtawa? Daga ranar na kafa doka, waƙar littafi ba a kunna mata salo. Ogan ko piyano kawai, a buga layin ƙarshe a matsayin gabatarwa don kowa ya ji ki, wato tsayin muryar da za a ɗauki waƙar da shi, sannan mai kibod ya buɗe kunne ya bi jama'a, in sun ja ya ja, in sun tsaya ya tsaya. In suna neman yin barci a kan waƙar ya ɗan tura su da hannun hagu a hankali, ba da bulala ba.

Ba wai na hana salon gaba ɗaya ba. Lokacin baiko da ake korus ana rawa ana zagayowa, nan ne gidansa, akwai hailaif da makosa a ciki masu daɗi, kuma ana iya loda wasu ta filashi. Mu da ba mu da mai ganga na dindindin ya rufa mana asiri ƙwarai. Amma ko a nan ma na ce wa yaron kar ya fara. A bar mai ba da waƙa ta ɗauko, jama'a su kama tafi, shi kuma ya buga madannin tempo (na saurin kiɗa) daidai da tafin nasu sannan injin ya shigo. Da an ga abin ya fara rabuwa, kashe gangar, tafi ya isa.

Zumuntar Mata kuwa wani darasin ne daban. Ranar da suke da waƙa sukan fito da ankonsu, da tulu da kuge da kacau-kacau da 'yar ganga, mai ba da waƙa ta jefa su amsa. Waƙoƙinsu su suke ƙirƙira, labarin Littafi Mai Tsarki ne tsaf da gargaɗi, kuma da yake da Hausa aka haife su kowace kalma tana fita ras, ba ka buƙatar littafi. Matsalar ita ce Mama ba ta tambayar kowa ki, inda muryarta ta sauka nan ne, wani lokaci ma tsakanin maɓalli biyu take, kuma in waƙa ta yi zafi a hankali sai su hau sama gaba ɗayansu ba wanda ya lura. Yaron namu da zumuɗin sabon kaya sai ya shiga farautar ki, ƙwal, ƙwal, ƙwal, yana taɓa wannan yana taɓa wancan a cikin lasifika, ya samu ya fara bi sai su hau su bar shi. Mama shugaba ba ta ko daina rawa ba, ta juyo ta ce, "Ɗana, ɗaga hannunka, mu mun san hanya." Majami'a ta kwashe da dariya, yaro ya ji kunya har ya so ya yi fushi, na zaunar da shi daga baya na ce ba raini ba ne, tulun nan da kake gani shi ne bes ɗinsu, ba abin da ya rage da za ka cika. Yanzu in Zumunta ta tashi hannunsa na kan cinya, kuma ranar ce aka fi jin majami'a na amsawa.

Maganar ƙara ma sai da muka yi ta. Sifikun jikinsa wat 6 ne kowanne, guda biyu, sun ishe mu koyon waƙa ranar Alhamis da Asabar ba sai an tada janareto ba, akwai ma wani madanni Mega Boost da ke ƙara masa ƙarfi in ana waje. Ranar Lahadi ta ramukan baya biyu, hagu da dama, muke kai shi miksa, sauti tsaf ba zuuu. Sai dai majami'armu ba silin, kwano ne da siminti, ƙara kaɗan sai ta yi ta yawo tana dawowa. Wanda ke gaba ba ya sanin abin da na baya ke sha. Wata Lahadi na bar kwaya da mataimakiyata na koma bencin ƙarshe na zauna, Allah ya sani ko muryar wanda ke kusa da ni ban ji ba, bakinsa kawai na ga yana motsi, can shi ma ya daina. In mutum ba ya jin kansa ba ya jin maƙwabcinsa, shiru zai yi. Na tuna Amos 5:23 inda Ubangiji ya ce a kawar masa da hayaniyar waƙoƙinsu, na san can maganar rashin adalci ake, amma ranar kalmar hayaniya ta tsaya mini a wuya. Na samo jan fenti na farce na ɗiga a jikin miksa, na ce daga nan ba a wucewa. Har yau muna 'yar tsama da matasa a kan ɗigon nan, in na juya baya sai ya ɗan haura.

Sai transfos. Kai, wannan madannin ban san ko in gode masa ko in yi kuka da shi ba. Yana ɗaga waƙa ko ya sauke ta har taki 12 sama 12 ƙasa ba tare da mai bugawa ya canza yatsu ba. Amfaninsa a fili yake, sujadar safe a watan Disamba ko Janairu cikin sanyin Jos, muryar kowa a daskare, in ka ɗauko waƙa a inda aka rubuta ta sai sofrano biyu su kai sauran su koma gunaguni. Sauke ta taki biyu, shikenan kowa ya shigo. Ni abin da nake bi, in wurin da ya fi tsawo a waƙar ya wuce D na sama toh ta yi wa jama'a tsayi, ko da mai ba da waƙa tana iya kaiwa, ai ba ita kaɗai ta zo sujada ba. Amma ɓarnarsa, ya mai da yaranmu malalata. Komai a C, waƙa ɗari a C, sai dai a danna ƙari ko ragi. Ranar da ka kai yaro wani wuri aka ba shi piyano mara madanni sai ido ya raina fata. Kuma mantuwa, wata rana an gama korus da ƙari 4 bai mayar sifili ba, kwaya ta tashi waƙa ta musamman da muka yi sati uku muna koyo, ya ba mu ki, na ji abin ya yi sama amma na riga na ɗaga hannu, da muka iso amshi 'yan sofrano sai ƙyaƙƙyewa kamar an taka wutsiyar mage, teno suka watse, muka lallaɓa muka sauka da kyar. Yanzu kafin kowace waƙa sai ya kalli allo ya gyaɗa mini kai. Kuma kowane wata muna ɗaukar ki ɗaya sabo, F, G, B flat, E flat, a koye shi da yatsu ba da madanni ba. Na nuna musu 1 Tarihi 15:22, Kenaniya an sa shi kan waƙa ne don ya gwanance, Zabura 33:3 ma da gwaninta ta ce a kaɗa. Ba a ce da transfos ba.

Wani abin dariya da ya faru, kuma zai faru da ku in ba ku karanta littafin da ke cikin kwali ba kamar yadda mu ma ba mu karanta ba. Kibod ɗin in an bar shi rabin awa ba a taɓa ba yana kashe kansa don tattalin wuta. Faston namu kuwa in ya hau bagade rabin awa gabatarwa ce. Aka gama wa'azi, aka kira waƙar rufewa, yaro ya shigo da sauri daga waje ya danna, shiru. Ya duba waya, ya duba miksa, ya harari mai janareto, jama'a suka gaji da jira wani dattijo ya ɗauko waƙar da baki aka rera, kuma ta yi daɗi abinta. Maganin mai sauƙi ne, ka riƙe maɓallin ƙarshe na hagu lokacin da kake kunna shi, ko ka shiga saiti ka kashe abin. Amma ni abin da ya fi damuna ba kashewar ba ce, daga ina yaron ya shigo? Wannan ɗabi'ar ta masu kiɗa, da an fara wa'azi sai a zame a koma gindin mangwaro da waya, kamar 'yan kwangila da suka gama nasu aikin. Na ce ba a ƙungiyata ba. In ba ka ji wa'azin ba ta yaya za ka san da wane irin hannu za ka taɓa waƙar rufewa? Ni kaina tun ranar Laraba nake tambayar Baba Fasto nassin da zai yi wa'azi a kai don waƙoƙin su tafi tare da shi, ba wai mu zaɓi wadda ke tashe a WhatsApp ba. Haka kiɗa a ƙarƙashin addu'a, sitirin ɗin nan yana da daɗi har yana sa tsikar jiki tashi, shi ya sa ma nake tsoronsa, ba na so mu saba wa mutane sai an kunna inji kafin su ji suna gaban Allah. Wani lokaci muna yi can ƙasa-ƙasa, yawanci dai shiru.

Batir ya cece mu ba sau ɗaya ba. Guda 6 yake ci irin na AA, kuma yana karɓar masu caji, sai dai ka shiga saiti ka gaya masa irin wanda ka sa. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ba kowane taro ake tada janareto ba, addu'ar safe, koyon waƙa, sujadar gida-gida, duk da batir muke yi. Nauyinsa kilo 7 ne, mutum ɗaya ya rungume shi a keke ya tafi. Yana da ramin makirfo a baya da abin daidaita ƙarfinsa, mun je zaman makoki a wani ƙauye da ba wuta, kibod da makirfo ɗaya kawai, mai bishara ya yi magana ta ciki aka ji shi, muka yi waƙa. Sannan yana ɗaukar sauti kai tsaye a filashi, wannan ya rage mini wahala sosai, ina buga wa kowace murya nata ina rera solfa a kai, sofrano, alto, teno, bes, in tura musu a waya, kafin ranar koyo ma'aikatan asibiti da 'yan makaranta da ba sa samun zuwa kullum sun riga sun ji nasu. In za ka yi aiki da filashi dai gara ka jona wuta, kar batir ya mutu maka a tsakiya.

Ƙananan abubuwa da sauri. Fedal ba ya zuwa a kwali, daban za ka saya, kuma kar ka taka shi lokacin da kake kunna kibod, in ka yi haka sai ya juye, ka saki ya riƙe ka taka ya saki, mun yi kwana biyu muna zargin fedal ɗin jabu ne ashe ƙafar yaro ce. Adaftarmu ta farko ta ƙone, ba laifinta ba, janareton ne ya yi tari wuta ta hau, dole muka sayi wata da ƙaramin stabilaiza, da mun sani da tun farko muka saya. Allon ƙarami ne, dattijo mai tabarau zai sha wuya. Ƙurar hunturu kuma ba ta da imani, tana shiga tsakanin maɓallai da cikin madannai, Mama shugaba da kanta ta ɗinka masa riga da ragowar zanen ankon Zumunta, yanzu in an rufe shi sai ka ce ɗaya daga cikinsu ne ya zauna a gaba.

Toh a saya ko kar a saya? In ekklisiyarku kamar tamu ce, ku saya, cikin goma na ba shi takwas, biyun da na cire na maɓallai marasa nauyi ne da ƙaramin allo. In kuna da mai bugawa da ya iya hannu biyu sosai ku ƙara kuɗi ku ɗauki EW425 saboda maɓallai 76 ɗin. In na koyon yara ne a gida ko makarantar Lahadi, E373 ya isa. In kuma har yanzu ba ku da wanda zai zauna a kansa tsakani da Allah, ku fara kashe kuɗin a kan koyar da mutum biyu tukuna, mu yanzu wata yarinya 'yar aji biyar a sakandare ke koyo don yaron namu ya samu gurbin karatu zai tafi, kuma abin mamaki ta fi shi haƙurin bin dattawa. Wanda ke da tsohon stand da ba ya amfani da shi don Allah ya yi mini magana, namu har yau a kan teburin makarantar Lahadi yake zaune, ƙafa ɗaya an tokare ta da dutse.